Damar Baba Safiyo

Duk wanda ya zauna a layin nan ya san Baba Safiyo, kuma duk wanda ya san shi ya san cewa bai taɓa ɓatan hanya ba tun da aka haife shi, domin shi da bakinsa yake faɗa, safe da yamma, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Gaskiyar magana, a ofishin awon filaye inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa, aikinsa riƙon sanda ne. Shi ne mutumin da ake tsayarwa can nesa cikin rana da doguwar sanda mai zanen ja da fari, masu awo suna hangensa ta na'ura, suna yi masa hannu ya matsa nan, ya matsa can. Amma da ya yi ritaya sai labarin ya fara ƙiba. Sanda ta zama na'ura, na'ura ta zama ofis, har ta kai babu titin da aka shimfiɗa a garin sai da shawararsa. Mutanen layi suka laƙaba masa Safiyo don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu kamar lambar girma.

Matarsa ta rasu da daɗewa. Abin da ya rage masa shi ne ɗaki guda a gidan haya, da 'yarsa da ke aikin jinya, wadda kowa ke kira Nas, da jikarsa 'yar ƙarama da bai taɓa kiran sunanta na yanka ba, sai dai Ɗigo, wai don ba ta fi ɗigon alƙalami a kan taswira ba. Kullum Nas za ta tafi asibiti sai ta ajiye masa ita. Idan aka zo aka ɗauke ta da yamma, ɗakin yakan yi shirun da ba ya so, shi ya sa yake fita ya addabi maƙwabcinsa Tela da labarin tituna.

Wata rana Nas ta zo ɗaukar yarinya, sai ta zauna a bakin gado maimakon ta tsaya a ƙofa. Nan da nan ya san da magana.

Ta ce, "Baba, in an dawo daga hutu zan sa Ɗigo a makarantar ƙananan yara."

"Laifin me ta yi?"

"Ba laifi ba ne. An ce yaron da aka koya wa sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, da yadda abu ke shiga cikin abu tun yana ƙarami, shi ke gane lissafi in ya girma. Can suna da 'yan katakai na gini da malamai da suka san abin."

Safiyo ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, don ta ga girman abin da ta faɗa.

"Ni ina raye? Ni da na raba garin nan gida-gida? Za ki kai jikata wajen 'yan mata masu waƙar tafa-tafa su koya mata gabas da yamma? Ai wannan kai ruwa ne gidan kifi a kwano."

"Baba, ba raina ka na yi ba."

"Ba ni zuwa ƙarshen hutun nan. In ban mayar da ita yarinyar da za ta iya ja wa makaho gora a tsakiyar kasuwa ba, ki kai ta duk inda kike so."

Nas ta gaji, ga ƙafafunta na zogi. Ta ce ta ji, in ta gani da idonta za ta bar masa ita shekara guda.

Washegari aka wayi gari da kwali manne a ƙofar gida, an rubuta da manyan baƙaƙe: CIBIYAR HORON IDO DA ƘAFA TA ƘANANAN YARA. A ƙasa, da ƙanana: Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matan layi ba su damu da ido ko ƙafa ba, amma da suka ji cewa wani zai riƙe musu yara tun safe har azahar kyauta, sai suka gano ashe tun tuni suna sha'awar ilimi. Kafin hantsi tsakar gida ta cika da 'yan duƙwi-duƙwi, wasu da wando, wasu babu.

Makaranta dai sai da wurin zama. Safiyo ya je ya ari dogon bencin da ke ƙofar shagon Tela.

Tela ya ce, "Ga tef nan, Safiyo, auna lungun gidanku tukuna. Akwai kwana a ciki."

"Tef na masu ɗinkin wando ne. Ni idona ne tef. Na kalli lungu, na kalli benci, har da rarar taƙi guda."

Benci ya shiga lungu lafiya lau har zuwa kwanar, a nan ya ce ga garinku. Aka tura, ya ƙi. Aka ja, ya ƙi. Aka karkata shi, ya ƙara cijewa tsakanin bango da bango kamar da shi aka yi ginin. Mutanen gida suka yini suna tsallake shi, masu ƙiba suna bi ta ƙarƙashi suna ambaton iyayen Safiyo da alheri. Da la'asar dole aka kira Kafinta ya raba shi biyu da zarto.

Tela ya tsaya yana kallon gawar bencinsa, ya ce, "Na ba ka benci ɗaya, ka haifa mini tagwaye. Allah ya raya."

Safiyo ya ce, "Benci ba shi da laifi, ni ma ba ni da laifi. Wanda ya gina lungun nan bai nemi shawarata ba."

Darasin farko shi ne ciki da waje. Ya nuna musu yadda ƙaramin gwangwani ke shiga cikin babba, ya kuma ba su aikin gida: kowa ya nemo ƙaramin abu ya sa a cikin babba. Ba a taɓa ganin ɗalibai masu himma irin waɗannan ba. Makullin Mai Shago ya kwana a cikin buta. Almakashin Tela ya shiga randa. Wata tsohuwa ta nemi haƙoranta na roba har ta haƙura, sai ga su cikin takalmin surukinta. Ana cikin wannan sai aka ji ihu daga bayan gida, Mai Wanki ya shigo jaye da ɗansa, kan yaron cikin tukunyar ƙarfe har wuya, muryarsa na fitowa kamar daga rijiya.

Mai Wanki ya ce, "Safiyo, ga ɗalibinka. Ya ce kai ka sa shi."

Safiyo ya zagaya yaron, ya ƙwanƙwasa tukunya da ɗan yatsa, fuskarsa cike da alfahari.

"Madalla. Yaron nan ya gane ciki sarai. Waje ne ba mu kai ba tukuna, darasin gobe ne."

"To ya kwana a tukunya ke nan har goben?"

Sai da aka ƙarar da rabin sabulun wanki a kunnuwan yaro kafin tukunya ta sake shi. Wasu iyaye suka yi ƙorafi, amma babu wadda ta janye ɗanta. Tukunya dai ana wankewa, hutun safiya kuwa ba a samunsa a kasuwa.

Daga nan aka shiga babban darasi, wanda Safiyo ya ce shi ne uwar ilimin awo: dama da hagu. Ya jera yara a gindin bango, ya tsaya a gabansu yana fuskantarsu, yadda ya saba tsayawa gaban masu na'ura duk tsawon rayuwarsa. Ya ɗaga hannunsa na dama, ya ce, "Wannan ita ce dama. Kowa ya ɗaga hannun da ke wannan ɓarin."

Yara suka yi abin da kowane yaro zai yi in babba ya tsaya gabansa: suka ɗaga hannun da ke daidai da nasa, kamar mai duba madubi. Wato hagunsu. Safiyo ya duba ya ga hannuwa sun miƙe reras a ɓari ɗaya da nasa, babu ko ɗaya da ya kauce, sai ƙwalla ta kusa zubo masa.

"Dama!" in ji shi.

"Damaaa!" in ji yara, hagu a sama.

Haka aka yi ta yi kullum, da waƙa, da tafi, da tsalle, har abin ya zauna musu daram. Ba a daɗe ba layi ya fara ganin amfanin ilimi. Uwa za ta ce wa ɗanta, "Kai, ci da dama," sai ya sauya hannu cikin ladabi ya tsoma hagu a kwano. Ta buge hannun, ya yi kuka, ya rantse da dama yake ci. Aka aiki wata yarinya shagon da ke hannun dama ta sayo ashana, ta shiga na hagu, ta dawo an yi mata aski. Nas ma ta lura Ɗigo na miƙo mata hagu, amma ta ɗauka rigimar ƙuruciya ce.

Mai Ƙwai, wadda ke kasa kayanta a bakin layi kuma take da tagwaye a cibiyar, ita ta jagoranci mata zuwa wurinsa.

"Baba, mun kawo maka yara masu hannu ɗaya na cin abinci, ka dawo mana da su ba su san na ci da na tsarki ba."

"Wannan alama ce ƙwaƙwalwa na buɗewa ta ɓari biyu. Ku ba ku yi karatun abin ba."

"To a rufe mana ɓari ɗaya, mun gode."

Safiyo ya ce gani ya kori ji. Ya sa aka watsa bokitai da kujeru da turmi a tsakar gida, ya ɗaure idonsa da ƙyalle, ya ce Ɗigo ta ja shi da baki. Yarinya ta tsaya a gabansa tana fuskantarsa, tana tafiya da baya tana kira, "Dama, Kaka! Hagu! Miƙe!" To, da yake fuska da fuska suke, abin da take kira dama, wato hagunta, shi ne ainihin damarsa. Kuskure ya haɗu da kuskure suka haifi daidai. Tsoho ya ratsa tsakanin kaya kamar zare a allura, ko kofi bai taɓa ba.

Mai Ƙwai ta ce, "Ikon Allah," ta ja zanenta ta fita.

Wannan nasara ita ta kashe shi. Da ya tsaya nan, da wataƙila ya tsira. Amma a yammacin ranar ya zaga layi shago-shago yana shela cewa ranar hutun Nas za a yi gagarumin nuni a kan titi: zai tashi daga ƙofar gida har shagon Tela ido ɗaure, yara kaɗai ke ja masa gora.

Tela ya ce, "In ce dai a kwashe kaya daga hanya?"

"Kada wanda ya taɓa ko tsinke. A ƙaro ma."

Ranar ta zo. Layi ya cika har da mutanen layin baya, domin labarin tukunya ya riga ya yi wa cibiyar talla. A ɓarin dama, in ka fito daga gida, Mai Ƙwai ta jera kiret-kiret ɗinta, gaba da ita Mai Wanki ya ajiye bahon ruwan bula da igiyar shanya cike da zannuwan gado na wani otal. Can gaba a ɓarin hagu kuwa kwata ce buɗaɗɗiya, wadda hukuma ta yi alkawarin rufewa tun Safiyo na da baƙin gashi. Tsakiya fili ne fetal, ko jaki da kaya zai wuce.

Safiyo ya fito cikin tsohon kakinsa na aiki, an goge shi har yana ƙyalli, aljihu cike da alƙaluman da ba sa rubutu. Ya yi jawabi a kan makomar ƙasa da muhimmancin sanin kusurwa. Daga nan ya kira Ɗigo ta tsaya a gabansa.

Nas ta ce, "Tsaya, Baba. Da baya za ta yi tafiya? A titin da babura ke bi? A'a. Ta bi bayanka, tana ganin gabanta."

Tela ya ce, "Ko abin ba ya aiki ta baya ne, Safiyo?"

"Yaron da na horar, gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsa! Ba ita kaɗai ba, duk su koma bayana." Ya juya ga taron, ya ɗaga yatsa. "Ku kuma manya, na ba ku izini. Ku yi ta ihu, ku yi ƙoƙarin ruɗa ni. Muryar ɗalibaina kaɗai zan bi."

Aka ɗaure masa ido. Yara suka jeru a bayansa, suna kallon inda yake kallo. Ya ɗaga ƙafa kamar soja.

Da farko lafiya, sai dai tsoho ya ɗan fara karkata wajen ƙwai. Ɗigo ta hango, tana so ya koma ɗaya ɓarin, wanda a iliminta sunansa dama.

"Dama, Kaka!"

Safiyo ya yi dama. Ƙafarsa ta sauka a kiret na farko da wata irin ƙara mai ban tausayi.

Mai Ƙwai ta ɗora hannu a ka. "Ƙwaina! Wayyo ƙwaina!"

"Tsakuwa ce," in ji Safiyo, "na san tsakuwar layin nan, da ni aka zuba ta."

"Dama! Dama!" Yanzu duk yaran ne ke ihu, har da tagwayen Mai Ƙwai, suna tsalle suna nuna hagu da hannu bibbiyu.

Manya suka ɗauka, "Hagu, Baba! Hagu!"

Safiyo ya yi murmushi ƙarƙashin ƙyalle. "Kun makara. Ba a ruɗa mai awo."

Ya ƙara yin dama, ya bi ta kan sauran kiret ɗin ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa da tsari, bai tsallake ko ɗaya ba. Takalmi ya yi santsi. Ya zame, ya yi taga-taga, ƙafa ɗaya ta faɗa bahon bula har gwiwa. Ya kai hannu neman abin kamawa, Allah ya haɗa shi da igiyar shanya. Igiya ta tsinke, zannuwan otal suka sauko masa a ka gaba ɗaya.

Mai Wanki ya ce, "Safiyo, ɗana ka sa a tukunya, yanzu kuma kai ne a baho? Wannan ma cikin ne, ko mun kai waje?"

"Duk cikin tsari ne!" in ji wata murya daga cikin zannuwa. "Yara, a ci gaba!"

Ya fito daga baho naɗe da farin zane, ƙafa ɗaya shuɗiya, ɗaya ruwan ƙwai, yana tangaɗi kamar fatalwar da ta sha magani. Tangaɗin ya kwashe shi ya ƙetare titi, ya nufi kwata. Yara suka ga hatsari a ɓarin da suka sani da suna dama, suka haɗa baki don su kore shi zuwa ɗayan.

"Hagu, Kaka! Hagu! Hagu!"

Nas ta ƙwalla, "Baba, dama! Wallahi dama! Cire ƙyallen!"

"Har da ke, 'yar nan?" in ji shi cikin takaici. "Har da ke za a ruɗa ni?"

Ya yi hagu da ƙarfin zuciya, babban taku irin na mutumin da ya yarda da aikinsa. Titi ya ƙare a ƙarƙashinsa.

Kwatar ba ta da zurfi, amma tana da tarihi. Da Kafinta ya cire masa ƙyalle, sai ga Safiyo zaune cikinta har ƙugu, tabarau rataye a kunne ɗaya, alƙaluma na iyo. Layi ya yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da ake yi don a tabbatar mutum bai karye ba kafin a yi masa dariya. Da aka ga yana motsi, sai aka saki.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta jawo yaran gaban kwata, ta ce, "Kowa ya ɗaga hannun dama."

Hagu suka tashi reras.

Safiyo, da ke fuskantarsu daga ƙasa, ya ɗaga damarsa tana ɗiga. "Kun gani? Kun gani da idonku? Ɓari ɗaya da nawa! Ina kuskuren yake?"

"Fito, Baba. Kada ka sauke hannun. Zo ka tsaya kusa da Ɗigo, ka kalli inda take kallo."

Aka jawo shi. Ya shiga sahun yara, hannu a sama, ya juya. Ya dubi hannunsa can wajen shagon aski. Ya dubi nasu, duk suna can ɗaya ɓarin. Ya sake dubawa.

"Yaran ne suka juya," in ji shi a hankali.

Mai Ƙwai ta ce, "Ƙwarai kuwa. Da ƙwan ma, su suka zo ƙarƙashin ƙafarka."

Kafin la'asar an cire kwalin daga ƙofa, Mai Ƙwai ta shimfiɗa shi ƙarƙashin abin da ya tsira na kayanta. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, kowace tana tafe tana murɗa hannun nata tana cewa, "Wannan! Wannan ne na ci!"

Da yamma Nas ta zaunar da shi a bakin gado tana wanke masa ƙujewar da ya yi a ƙwauri. Ɗigo ta yi barci a tabarma, alli a hannunta. Idon tsoho na kan 'yan takalman yarinyar da ke bakin ƙofa.

Ta ce, "Za ta shiga makaranta, Baba."

"Na sani."

"Sai sun sha wahala kafin su warware abin da ka ɗaura."

"Ai ɗaurin gwani ne," in ji shi, amma muryar ba ta da ƙarfi. Can ya ce, "Ɗakin nan da safe, in babu ita, ko agogo ba ya son bugawa."

Nas ta naɗe bandeji, ta ɗaure, ta daɗe tana gyara bakinsa ba tare da buƙata ba.

"Ni ina fita tun da sassafe. Dole wani ya kai ta, ya kuma ɗauko ta da rana, ta zauna wurinsa har in taso."

Ya ɗago kai.

"Da sharaɗi. Ba darasi. Ba ƙyalle a ido. Ka riƙe hannunta kawai."

"To hanyar fa? Sai na zana taswira, na duba kusurwoyi..."

"Miƙaƙƙiya ce, Baba. Babu kwana ko ɗaya. Sai da na je na duba kafin in yi maka magana."

Ranar da aka koma makaranta, sai ga Baba Safiyo ya fito cikin kaki, yana ɗan ɗingishi, Ɗigo riƙe da yatsansa, jakarta a kafaɗarsa. Ya tsaya a ƙofar Tela, wanda ke zaune a kan rabin bencinsa.

"Ka gani ko? Da aka rasa wanda ya san hanya a duk gidan, wa aka nema? An sake ba ni dama."

Tela bai ɗago daga keken ɗinki ba. Ya ciji zare, ya tofar.

"Wace damar, Safiyo? Taka, ko ta yaran?"